Marafai ashirin cikin kwanon sha

Tanko maharbi ya mutu ran wata Alhamis da la'asar, a gindin rijiyar da babu ita a kowace taswira, kuma har yau in na tuna sai in ji abu ya tokare mini ƙirji. Na san abin dariya ne. Tanko bai taɓa shan hura ba balle ya ci tuwo. Rabin takardar kaye ne, da sunansa a sama, da wasu lambobi shida da na rubuta da bik. Amma sati biyar na yi ina zama shi, kuma ni na sa shi shiga rijiyar.

Wani abokinmu da muke aji ɗaya ne ya dawo hutu daga Yamai da abin cikin salularsa. Ba zan kama sunan kowa ba, zan kira kowa da sunan da ya ɗauka cikin wasa. Shi kuwa wannan mu ce masa Mai Gatana, don aikinsa ke nan. Shafi goma sha huɗu ne da Faransanci. Wani mutum da ba mu san ko wane ne ba ya rubuta shi don sha'awa, ya sake shi kyauta, har da kurakuransa na rubutu da wata taswira da ya zana da hannu, wadda ɗan CM2 zai fi shi iyawa. A shafin farko an rubuta cewa na mutum huɗu ne, ƴan mataki na ɗaya zuwa na biyu. Muka haɗa kuɗi aka fitar da shi wurin mai fotokopi, dala biyar-biyar shafi.

Wasan da aka yi labarin dominsa sunansa Dungeons & Dragons, masu Faransanci na cewa Donjons et Dragons. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da shi a 1974. Ba na kwamfuta ba ne, ba kuma kati ba ne irin belot ɗin da ake bugawa a fada. Mutum ɗaya ke ba da labari, ya ce ga inda kuke, ga abin da kuke gani. Sauran kowa na riƙe da mutum guda cikin labarin, ya faɗi abin da mutumin nasa zai yi. In abu mai sauƙi ne, ya wuce. In akwai shakka, kamar tsallake rami ko harbin abin da ke gudu, sai a jefa wani ɗan lido mai fuska ashirin, a ƙara lambar gwanintarka a kai, a ga ko ta kai abin da ake bukata. Tun shekarar 2000 kamfanin da ya mallaki wasan ya ba da lasisin da ya bar wa kowa ƙofa ya rubuta nasa labarin bisa dokokin, a 2014 kuma ya saki ƙananan dokokin kyauta. Shi ya sa irin takardar da ta faɗo hannunmu ba ta ƙirguwa a duniya. Gatana ce dai, sai dai masu saurare na da bakin magana a ciki, kuma mai ba da ita shi ma bai san ƙarshenta ba.

Ɗan lido mai fuska shida ba ya wuya. Mai fuska ashirin kuwa, mun zagaye kasuwar Tawa ran Lahadi har ƙafafunmu suka yi fari, ba mu samu ba. Akwai na cikin salula, amma Gagare, ɗan Kaita da ya zaɓi zama ɗan kokowa, ya ce shi bai yarda da abin da ba ya iya taɓawa ba. Ƙanwar Mai Gatana ce ta raba gardama: ta tattaro marafan kwalaben lemu guda ashirin, ta rubuta lamba cikin kowane, ta zuba cikin kwanon sha. A girgiza, ka kau da kai, ka zaro ɗaya, a duba, a mayar. Da wannan dabara ta sayi kujerarta a wasan, ta zama Tsahara mai magani. (Sai a sati na biyu muka gane marfin lamba 20 ya ɗan lotse, kuma yatsun Gagare sun riga kowa sani. Aka sake shi.)

A tsakar gidan su Mai Gatana muke zama, ƙarƙashin dogon yaro, da butar shayi a gefe. Ran farko babansu ya fito za shi masallaci, ya ji ƙarar marafai, ya tsaya.

"Wanga mi na na? Caca ta kunka kawo mani cikin gida?"

"A'a Baba, babu ko dala ciki. Gatana ta."

"Gatana da rana tsaka, ƙattai da gemu? Ba ku san mai gatana da rana ɓacewa yakai ba?"

Ya ɗauki takardata ya juya ta, ya mayar. Ya ce sharaɗi biyu: kada kuɗi su shigo, kuma in an kira salla a rufe kwano. Mun cika duka biyun, in ban da wata la'asar ɗaya da muka ɗan ja ƙafa.

Abin da ya fara ba mu haushi shi ne maganar matakin nan na ɗaya. Kowa ya zo da burin zama wani abu. Gagare na son ya zama mai kada mutum goma da hannu ɗaya, ni ina son kibiyata ta rinƙa tsaga gashin gira. Sai Mai Gatana ya karanto mana lissafi. Matakan wasan ashirin ne, mu muna na farko. Kowa na da makin rai, wato yawan wahalar da zai iya sha kafin ya faɗi, kuma Tanko tara gare shi. Tara! Sara biyu na ƙaramin gatari sun gama da shi. Jaki mai zafin rai in ya same shi da kyau sai an yi jinya. Dukiyarsa baka ce, da kibau ashirin, da igiya, da guzurin kwana kaɗan. Kafin ka hau mataki na biyu sai ka tara makin gogewa 300, kuma ba a samunsu a zaune.

Na yi ƙorafi a ranar, amma yanzu ina ganin nan daɗin yake. Wanda zai iya kashe komai ba ya tambayar komai. Mu kuwa dole muka koyi leƙe kafin shiga, da tambayar tsohuwa mai sai da ƙuli-ƙuli wace hanya ta fi, da ƙirga kibau bayan kowane harbi. Mun taɓa ɓata rabin awa muna gardamar ko mu sayi jaki ko mu ɗauki kayanmu a ka. Ban san ɗalibin da ke jiran kuɗin bursu wanda wannan gardama za ta zame wa baƙuwa ba.

Labarin Bafaranshen mai sauƙi ne. Wani ƙauye ne a bakin daji, wasu ƴan halittu da ake kira gobelin na fitowa da dare suna satar tumaki suna ɓata rijiya, mai gari ya yi alkawarin lada ga wanda ya kore su. Mai Gatana ya ce shi ba zai iya kwatanta dajin da bai taɓa gani ba, don haka ya kwaso labarin ya dasa shi a Adar. Kurmi ya zama fako da duwatsu baƙaƙe, kogi ya zama ƙorama mai yashi wadda ba ta ruwa sai da damina, gidan giya ya zama rumfar mai shayi, tsohuwar ganuwa ta zama kufai a kan tudu. Ya iya, wallahi. In ya ce iska ta taso daga gabas da jan ƙura sai ka ji kana son rufe hanci.

Sai aka zo kan gobelin. Zaman farko ya ce musu ƴan dodanni, ba mu gan su ba sai sawunsu. A zama na uku muka yi musu kwanto a bakin rijiya, dole ya faɗi kamanninsu. Ya ɗan yi shiru yana neman kalmomi, sannan ya ce: daga arewa suka ɓullo, a kan raƙuma, fuskokinsu a naɗe ba a ganin komai sai idanu, suna wani yare da ba ku ji.

Na zaro marfi, 17. Kibiyata ta sami na gaba a wuya. Na yi ihu, Gagare ya buga mini hannu.

Na huɗunmu bai yi ihu ba. Ɗan Abalak ne, Ba'abzine, yana karatun shari'a, kuma cikin wasa ya zaɓi zama Nomau maƙeri, wai don ya ɗanɗana zaman wuri ɗaya. Ya ajiye takardarsa a kan tabarma, a hankali.

"To, ashe ni na kuka harbi."

Muka yi dariya, don mun ɗauka ba'a ce irin wadda muka saba. Ya ce: "In haka na, ba ni takardar ɗaya daga cikinsu. Ni ka jin yaren nasu."

Ni ne na ce masa, "Haba, wasa na fa." Wannan magana tawa ce, ba ta Mai Gatana ba, ba ta Gagare ba, kuma ita ta fi damuna. Bai amsa ba. Ya sha kofi na biyu, ya sa takalmansa, ya yi sallama da Baba, ya tafi bai jira na uku ba. Duk wanda ya san shayi ya san abin da wannan ke nufi.

Mai Gatana ba mugu ba ne, kuma ban yarda ya shirya abin ba. An ce masa ya kawo abin tsoro daga jeji, ya miƙa hannu cikin kansa, ya zaro abin da ya tarar a sama, kamar yadda muke zaro marfi. Tambayar ita ce wa ya zuba shi cikin kwanon. Mun taso muna jin ana tsorata yaro da mai rawani zai sa shi cikin buhu. Mun taso muna jin labarin dabbobi sun shiga gona, ba mu cika jin na gonar da ta cinye burtali ba. Kuma ni da na yi ihu, ban ji komai ya yi mini karo ba sai da ya yi magana.

Abin kunyar shi ne jami'ar da muke zuwa kullum sunan Djibo Hamani take ɗauke da shi, masanin tarihin da ya rubuta littafi sukutum a kan Adar kafin zuwan Turawa. Ko wanda bai buɗe littafin ba ya ji labarin Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, da ya ci Adar a 1674, kuma zuriyarsa ce ke sarauta a Illela. Sarautar da muke tinƙaho da ita daga Abzin ta gangaro. An yi yaƙe-yaƙe, an yi hare-hare, ba wanda ya ce ba a yi ba. An kuma yi auratayya, an yi cinikin hatsi da cuku da gishiri, har yau ran Lahadi kasuwarmu ba ta cika sai mutanen arewa sun sauko. Sannan akwai abin da ya fi kusa. Ran 21 ga Maris 2021 ƴan bindiga a kan babura suka faɗa wa Intazayene da Bakorat da Wistane a yankin Tiliya, gwamnati ta ce mutum 137 aka kashe, kuma yawancinsu Abzinawa ne. Dangin uwar abokinmu a can wajen suke kiwo. Mutanen da aka yi wa wannan, su muka naɗa wa rawani muka sa a matsayin abin harbi, muna shan shayi.

Daga baya na ji ashe ba mu kaɗai ba ne. A 2020 kamfanin wasan da kansa ya fito ya ce zai daina nuna wasu jinsunan halittu a matsayin mugaye tun daga haihuwa, don ƴan wasa sun daɗe suna cewa sun san fuskokin mutanen gaske da ke ɓoye bayan irin waɗannan dodanni. Wannan bai rage mini komai ba.

Sati guda kwanon na kife. Gagare ya ce an cika son girmama ƙaramin abu, "Buzu da Ba'adare ai wasa ka tsakaninsu tun kakanni." Akwai gaskiya cikin maganarsa, sai dai wasan da na sani mutum biyu ke yin sa, kowa na ramawa. Tsahara ce ta tsare yayanta ta ce in bai je ba ita za ta je. Muka tafi ni da shi, bayan isha'i, ɗakin da abokinmu ke haya.

Mun shirya dogon ban haƙuri, bai bari mun kai rabi ba. Ya ce ya ji. Sannan ya yi tambayar da ta nuna ɗan shari'a ne: takardar ta faɗi dalilin da ya sa gobelin ɗin suka fara sata? Mai Gatana ya ce bai lura ba. Aka haska salula aka bi shafi-shafi. Can a shafi na goma sha ɗaya, cikin wani ɗan akwati da ƙananan haruffa, Bafaranshen ya rubuta cewa wani abu ne ya fito daga ƙarƙashin ƙasa ya kore su daga kogonsu da ruwansu, yunwa ta turo su ƙauye, kuma in ƴan wasa sun nemi magana da su za su saurara. Layi huɗu. Mai Gatana ya tsallake su don yana sauri ya kai wurin faɗa, mu ma ba wanda ya tambaya.

Abokinmu ya ce kada a cire rawunan. A bar su yadda aka faɗa, amma shi zai rubuta ɓangarensu. Daren nan na koyi abin da shekara ashirin a Tawa ba ta koya mini ba. Ya ba mu labarin rijiyoyin arewa masu zurfin da sai raƙumi ko jakai ke jan guga, dabba ta yi tafiya mai nisa kafin wasaki ya iso baki, da yadda igiya ke cin itacen bakin rijiya har ta yi masa kwari. Ya faɗi yadda ake bin layi, wa ke fara shayarwa, me baƙo mai wucewa ke da haƙƙinsa, da yadda rana ɗaya ta rashin ruwa ke iya karya garken da aka yi shekaru ana tarawa. Ya kawo dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, wadda gonaki suka daɗe da tsallakewa. Ban ce na yarda da duk abin da ya faɗa ba. Kakana manomi ne, na taɓa ganin gonar gero da shanu suka kwana a ciki saura sati biyu girbi. Na faɗa masa haka, ya ce shi ma ya gani.

Dodon ƙarƙashin ƙasa ma shi ya kawo. Ya ce wajen Kawo akwai duwatsun da ake tsintar haƙoran kifi da ƙasusuwa a cikinsu, don fiye da shekara miliyan 60 da suka wuce teku ce ta rufe wurin. Har akwai wata dabbar ruwa da masana suka raɗa wa sunan dutsen Igdaman, suka ce mata Igdamanosaurus. To, masu rawani sun zurfafa rijiyarsu sun huda rufin wani kogo, suka tada abin da ke barci tun zamanin tekun. Mai Gatana har ya miƙe tsaye don daɗi.

Da aka dawo wasa, gawar wanda na harba na nan, ba a share ta ba. Dole Tanko ya je zangonsu ba baka a hannu, Nomau na masa tafinta, aka yi cinikin diyya. Duk ladar da mai gari ya yi mana alkawari ta tafi nan. Gagare ya yi ta hamma, ya ce shi kokowa ya zo yi, ba zaman alƙali ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba: zaman ya yi tsawo, abokinmu ɗan shari'a in ya sami fili ba ya gajiya. Amma lissafi a fili yake. Mu huɗu ƴan mataki na ɗaya ba mu iya ja da dodon mu kaɗai, su ma ba su iya ba, in ba haka ba da ba su gudo ba.

Shirin shi ne a toshe hudar da duwatsu da ƙaya tun abin na barci da rana. Sai an sami mai sauka. Tanko ya fi kowa rashin nauyi, kuma a raina ina jin akwai bashi a kansa. Na ce ni za ni. Ƙanen wanda na kashe ne ya riƙe raƙumin da ke jan igiya, kuma Mai Gatana ya tabbatar mana bai yi ha'inci ba. An toshe hudar. Wajen fitowa abin ya motsa, bango ya girgiza, aka ce in zaro marfi in ga ko zan riƙe igiya. Na zaro 3.

Mita tara na faɗo. Dokar ta ce ɗan lido ɗaya ga kowace mita uku: 4, 5, 3. Sha biyu, ni kuwa tara gare ni.

A wasan nan in makinka ya ƙare ba ka mutu ba tukuna, kana kwance tsakanin nan da can. Duk zagaye za ka zaro lamba. Goma ko sama da haka, ka ci ɗaya. Ƙasa da goma, ka faɗi ɗaya. Wanda ya fara cika uku shi ke nan. Tsahara na sama da saiwoyinta, tana bukatar zagaye biyar kafin a sauko da ita ta iso inda nake. Na zaro 14. Na zaro 6. Na zaro 11. Na zaro 8. Biyu da biyu, saura ɗaya, kuma nawa zai zo kafin nata.

Ashe Baba ya daɗe tsaye bayanmu da buta a hannu. Tun sati na biyu yakan ja kujera nesa kaɗan, wai iska yake sha. Hannuna na rawa, da gaske nake faɗa. Ya ce, "Kawo nan, ɗana, in ɗauko maka." Ya yi bisimilla, ya kau da kai yadda ya ga muna yi, ya sa hannu.

Tara.

Ba wanda ya yi magana. Baba ya duba marfin ya duba fuskata, ya ce, "Ba ta yi ba?" Mai Gatana ya fara cewa ai tunda ba ni na zaro da hannuna ba ana iya sakewa. Na so in ce to. Abokinmu ɗan Abalak ya dube ni, bai ce komai ba, ni kuma na tuna ba a sake wa wancan na bakin rijiya ba. Na ce a bar shi. Baba ya ce, "Allah shi jiƙan maharbi," ya wuce alwala, yana girgiza kai yana cewa ai ya faɗa mana gatanar rana ba ta da kyau.

Sauran ukun sun cika 300 ɗinsu sun hau mataki na biyu. Gagare ya sami ƙarin makin rai yana ta yi mini gwalo, kuma har yanzu yana nan kan bakansa cewa da mun harbe su duka tun farko da Tanko na raye. Mai yiwuwa haka ne. Takardar Tanko na cikin kayen darasin tattalin arzikina, ban yar ba.

Mun gama shafi goma sha huɗun Bafaranshen, yanzu su biyu ke rubuta na gaba da Hausa, suna faɗa kan kowane layi. Alhamis da ta wuce abokinmu ya miƙo mini sabuwar takarda da rubutunsa. Yaron nan ne mai riƙe raƙumi, zai bi su Tsahara kudu neman hatsi, ba ya jin Hausa sai gaisuwa, ni kuma Tamajak ɗina bai wuce kalma goma ba, don haka an sa ni koyon biyar duk sati. Mataki na ɗaya ne. Makin ransa bakwai.